Motar lantarki ko ta fetur: wace ce ta fi sauƙi ga aljihu?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gidan mai yana kallon lambobin famfo suna gudu, sannan ya ji an ce akwai motar da ba ta shan fetur ko ɗigo, dole zuciyarsa ta raya masa cewa mafita ta samu. Masu tallar motocin lantarki ma a nan suke kafa hujjarsu: babu sayen mai, babu juyen baƙin mai, babu canjin fulogi. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai kuɗin mota ta ƙofofi da yawa yake fita, kuma gidan mai ɗaya ne kawai daga cikinsu. Akwai kuɗin saye, akwai kuɗin ruwa idan da rance aka saya, akwai inshora da haraji da gyara, sannan akwai wadda ta fi kowacce cin kuɗi amma ba a cika lissafa ta ba, wato faɗuwar darajar mota daga ranar da aka saye ta zuwa ranar da za a sayar.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne: tsadar motar lantarki a gaba ake biyanta, a dunƙule, ita kuwa ribarta kilomita bayan kilomita ake tattara ta. Saboda haka mutum biyu za su iya sayen mota iri ɗaya, a rana ɗaya, a farashi ɗaya, bayan shekara biyar ɗaya ya fita da riba mai kauri, ɗayan kuma da asara. Ya kamata a gane dalilin kafin a saki kuɗi.

Mu fara da inda motar lantarki ta yi wa ta fetur fintinkau. Litar fetur ɗaya tana ɗauke da makamashin da ya kai kusan yunit 9 na wutar lantarki, wato abin da ake kira kilowat-awa, wanda mita ke ƙirgawa. Amma injin fetur ba ya iya mai da yawancin wannan ƙarfi zuwa tafiya. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ce tsakanin kashi 12 zuwa 30 cikin ɗari ne kawai ke isa ga taya, sauran yana tafiya a zafi. Wanda ya taɓa ɗora hannu a kan bonet bayan doguwar tafiya, ko ya ji hucin da ke fita daga lagireto da salansa, ya taɓa kuɗinsa ne da ya ƙone bai matsar da motar ko taku ɗaya ba. Motar lantarki kuwa, a lissafin wannan ma'aikata, tana isar da sama da kashi 77 cikin ɗari na wutar da ta sha zuwa taya.

Idan aka sauko da wannan kan titi, matsakaiciyar motar fetur tana shan wajen lita 7 a kowane kilomita 100. Takwararta ta lantarki tana cin yunit 15 zuwa 20 a wannan nisa. A nan akwai wani abu da allon motar ba ya nunawa: wutar da ke fita daga bango ba dukanta ke shiga batir ba, wajen kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari yana salwanta a caja da waya da sanyaya batirin. Mita kuwa duka za ta ƙirga maka. Don haka gara a ɗauka yunit 20 ne a kowane kilomita 100, a huta. Lita 7 a gefe guda, yunit 20 a ɗaya gefen. Ka ga ke nan duk lita ɗaya da ka daina saye, yunit 3 na wuta ne za su maye gurbinta.

Wannan ƙaramin lissafi ya fi duk wata talla amfani, domin yana aiki a kowace ƙasa da kowane irin kuɗi. Duba farashin litar fetur a inda kake, ka duba farashin yunit 3 na wuta. Idan yunit 3 sun fi lita araha, kana samun rara a kowane kilomita. Idan sun yi kunnen doki, babu abin da ka tsira da shi a wajen mai. Idan kuwa sun fi tsada, an gudu ba a tsira ba.

Bari mu sa lambobi na misali don abin ya fito fili. A ce lita dala 1 ce, yunit kuma santi 15. Kilomita 100 za ta ci dala 7 a motar fetur, dala 3 a ta lantarki. Rarar dala 4 ke nan. Mai tafiyar kilomita 15,000 a shekara zai tsira da dala 600. Idan motar lantarkin ta fi ta fetur tsada da dala 6,000 a wajen saye, sai ya shekara 10 kafin rarar mai kaɗai ta biya shi bambancin. To amma direban tasi ko mai kai kaya da ke cin kilomita 50,000 a shekara, dala 2,000 zai riƙa tsira da su, cikin shekara 3 ya mayar da kuɗinsa, abin da ya biyo baya kuma riba ce tsantsa. Shi ya sa a manyan biranen Sin masu tasi da motocin bas suka riga masu motocin gida rungumar lantarki. Birnin Shenzhen ya gama mayar da dukan bas ɗinsa na lantarki tun 2017. Motar da ke wuni a hanya ita ce ta fi saurin biyan kanta. Wadda ke kwana ta wuni a gareji, sai ƙarshen mako a zaga gari da ita, ba ta da hanyar mayar da tsadarta, komai arahar wuta.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Yunit ɗin nan farashinsa ba ɗaya ba ne, ya danganta da inda aka sha shi, kuma a ganina wannan shi ne abu mafi girma a duk maganar. Wanda ke da gidan kansa da wurin ajiye mota, ya dawo da yamma ya jona waya ya shiga ya kwanta. Soket na gida yana ba da wajen kilowat 2, abin da zai ƙara masa kilomita 10 zuwa 12 a kowace awa. Idan ya sa akwatin caji na musamman mai kilowat 7, kwana ɗaya ya isa ya cika yawancin batira. Da farashin wutar gida yake biya, a wasu ƙasashen ma kamfanonin wuta suna rage farashi da tsakar dare lokacin da mutane ke barci. Wannan mutumin shi ne ake nufi duk lokacin da aka ce motar lantarki tana da arahar tafiya.

Wanda kuwa ke zaune a gidan haya ko a bene, motarsa tana kwana a bakin titi, dole ya dogara da tashoshin caji na kasuwa. Masu saurin cikinsu suna iya kai batir daga kashi 10 zuwa 80 cikin minti 20 zuwa 40, amma saurin nan kuɗi ne. Injinan suna da tsada, jawo musu wuta mai ƙarfi yana da tsada, akwai kuɗin fili, mai tashar kuma riba yake nema. Sau da yawa yunit a irin wannan tasha yana ninka na gida sau biyu ko uku. A Birtaniya har harajin ma ya bambanta: kashi 5 cikin ɗari a kan wutar gida, kashi 20 a kan ta tashar caji. Koma kan misalinmu, ka ninka santi 15 sau uku ya zama 45. Kilomita 100 ta koma dala 9, alhali mai fetur yana biyan 7. Abin yana damuna ƙwarai, domin masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda suka fi kowa buƙatar sauƙin kuɗin mai, su ne galibi ba su da garejin kansu. Arahar tana zuwa wa wanda ya riga ya mallaki gida.

Haka abin yake ga wanda wutarsa ba tsayayya ba ce. Idan da ƙaramin janareto mai fetur za a yi cajin, lissafin ya rushe gaba ɗaya. Irin wannan inji da ƙyar yake fitar da yunit 2 daga lita ɗaya, ka ga yunit 20 za su ci lita 10 ko fiye, ga motar fetur tana yin wannan tafiya da lita 7. Farantan sola kuwa labari ne daban. Wanda ya riga ya kafa su, kuma motarsa tana gida da rana, zai iya tafiya kusan kyauta. Amma idan saboda motar za a sayi farantan da batirin ajiya, to a zuba kuɗinsu cikin farashin motar, kada a yaudari kai.

Yanayi ma yana da ta cewa. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta yi gwaji a 2019 ta gano cewa a tsananin sanyi, idan an kunna na'urar ɗumama mota, nisan da caji ɗaya ke kaiwa yana raguwa da wajen kashi 41 cikin ɗari, a tsananin zafi kuma da na'urar sanyaya da wajen kashi 17. Dalilin sanyin shi ne motar fetur da zafin injinta na banza take ɗumama fasinja, ita kuwa ta lantarki sai ta ɗebo daga batir. Gudu mai yawa a babbar hanya ma yana zuƙe caji. A cunkoson cikin gari kuwa ta lantarki ce sarauniya, don idan ta tsaya ba ta cin komai sai ɗan abin da fitilu da na'urar sanyaya ke ja.

Sai batun gyara, inda nan ma akwai rara ta gaske, ko da ba ta kai yadda ake zuzutawa ba. Buɗe bonet ɗin motar lantarki ka duba. Babu fistin, babu fulogi, babu fanbel, babu filtar mai, babu kuloci, babu salansa. Giyarta galibi ɗaya ce tal. Birkinta ma yana daɗewa, saboda da zarar direba ya ɗaga ƙafa daga totur, injin lantarkin yana juyewa ya zama janareto, ya riƙe motar yana mayar da wuta cikin batir. Wanda ya saba zai iya ratsa gari guda bai taka birki ba sai jefi-jefi. Cibiyar bincike ta Argonne da ke Amurka ta fitar a 2021 cewa sabis na yau da kullum yana cin santi 6.1 a kowace mil ga motar lantarki, santi 10.1 ga ta fetur. Ga mai tafiyar kilomita 15,000 a shekara, bambancin ya kai wajen dala 370. Kuɗi ne, amma ba shi zai yanke hukunci ba. Kuma taya tana karɓe wani abu daga ciki, don batir yana ƙara wa mota nauyin ɗaruruwan kilo, ga kuma fizgar da take yi tun daga tashi, sai tayoyin su riƙa cinyewa da wuri, musamman a hannun mai zafin ƙafa.

Sabis daban, gyaran hatsari daban. Batirin yana shimfiɗe ne a ƙarƙashin motar, kuma bugun da a motar fetur zai tsaya a aikin mai gyaran bodi, a nan zai iya sa a ce sai an duba batir ko an canja shi. Ba kowane bakanike ne zai taɓa wutar da ta kai bolt 400 ko 800 ba, sai wanda aka horar, kuma inda irinsu suka yi ƙaranci sai jira ya yi tsawo, farashi ya hau. Kamfanonin inshora sun san da haka, shi ya sa a ƙasashe da dama suke cajin motar lantarki fiye da takwararta. Kafin a sayi mota a nemi farashin inshorarta tukuna. Abu ne na minti goma da mutane da yawa ke mantawa sai bayan sun karɓi makulli.

Yanzu mu zo kan farashin saye, wanda kusan dukansa labarin batir ne. A 2010, shekarar da motar lantarki ta Nissan Leaf ta fito, batir yana cin sama da dala 1,000 a kowane kilowat-awa. Ƙididdigar kamfanin bincike na BloombergNEF ta nuna ya sauko zuwa dala 139 a 2023, sannan 115 a 2024. Batir mai kilowat-awa 60, irin na matsakaiciyar mota, ya tashi daga sama da dala 60,000 zuwa wajen 7,000 ke nan. Ban san wani ɓangaren mota da ya taɓa faɗuwa haka cikin shekara 14 ba. Yaɗuwar batirin LFP, wanda ba ya buƙatar kobalt da nikel, ta ƙara karya farashin. A Sin abin ya riga ya juye: Hukumar Makamashi ta Duniya ta ce wajen kashi biyu cikin uku na motocin lantarkin da aka sayar a can a 2024 sun fi takwarorinsu na fetur araha tun a wajen saye. Ƙaramar motar BYD mai suna Seagull wajen dala 10,000 ake sayar da ita a can. Wanda ya sayi mota a irin wannan kasuwa ba shi da wata tsada da zai jira ya mayar, daga ranar farko yake cin riba.

A Turai da Amurka kuwa da sauran rina a kaba. Kamfanoninsu sun fi mayar da hankali kan manyan motoci masu tsada, gwamnatoci kuma sun toshe wa na Sin hanya. A 2024 Amurka ta ɗaga harajin shigo da motocin lantarki na Sin zuwa kashi 100 cikin ɗari, Tarayyar Turai ma ta ƙara nata, har zuwa wajen kashi 35 a kan kashi 10 da ake biya tun da. Ko menene hujjar wannan ta fuskar kare masana'antu, mai saye ne ke biya.

Hannun gwamnati yana ko'ina a wannan lissafi, kuma shi ne ɓangaren da ba a iya dogara da shi. Norwe, inda kusan kashi 89 cikin ɗari na sababbin motocin da aka sayar a 2024 na lantarki ne zalla, ta kai nan ne ta hanyar ɗage musu harajin saye da harajin kashi 25 cikin ɗari na kayan masarufi tsawon shekaru, yayin da take lafta wa na fetur haraji mai nauyi. Jamus ta yanke tallafinta kwatsam a Disambar 2023, cinikin motocin lantarki ya faɗi da sama da kashi ɗaya cikin huɗu a shekarar da ta biyo. A Amurka rangwamen haraji na dala 7,500 ya ƙare a ƙarshen Satumbar 2025. Akwai kuma wani abu da ke tafe wanda ya kamata mai saye ya sa a ransa. Gwamnatoci da yawa da harajin fetur suke gyara tituna, kuma duk motar da ta koma lantarki ta fita daga wannan asusu. Ba za su zuba ido ba. Niyu Zilan ta fara karɓar kuɗin hanya a kan kowane kilomita daga masu motocin lantarki a Afrilun 2024, Birtaniya ta fara karɓar harajin mota na shekara daga gare su a Afrilun 2025, jihohi da dama a Amurka kuma sun sa musu ƙarin kuɗin rajista. Wanda lissafinsa bai fita ba sai da tallafi ko da ɗage haraji, ya sani yana gini ne a kan filin aro.

Ga kuma babbar ƙofar da na ambata tun farko, faɗuwar daraja. Ga sabuwar mota, kowace iri ce, abin da take asara a shekarun farko yakan fi kuɗin mai da na gyara a haɗe. Mutum ba ya jin zafinsa wata-wata, sai ranar da ya kai ta wajen dillali. A 'yan shekarun nan motocin lantarki sun fi na fetur saurin faɗuwa a kasuwanni da yawa, kuma dalilan a fili suke. Fasahar tana gudu, motar bana ta fi ta shekara uku da suka wuce nisan zango da saurin caji. Farashin sababbi yana sauka, idan kuwa sabuwa ta yi araha dole ta hannu ta bi ta. A Janairun 2023 Tesla ta zaftare farashin wasu motocinta da kusan kashi 20 cikin ɗari a Amurka, wanda ya saya wata guda kafin nan ya wayi gari dubban daloli sun narke masa motar tana tsaye a ƙofar gida. Kamfanin hayar motoci na Hertz, wanda a 2021 ya sanar da odar motocin Tesla 100,000, a Janairun 2024 ya ce zai sayar da wajen 20,000 daga motocinsa na lantarki, yana kafa hujja da tsadar gyaran hatsari, ga kuma faɗuwar darajarsu da ta ci masa tuwo a ƙwarya.

Wannan yana nufin mai ɗabi'ar canja mota duk shekara biyu ko uku shi ne ya fi shiga haɗari. Rarar dala 600 ko 1,000 a shekara ba za ta toshe ramin ƙarin dala 5,000 na faɗuwar daraja ba. Wanda zai riƙe motar shekara 10 kuwa abin bai dame shi sosai ba, don a ƙarshen wannan lokaci kowace mota ta riga ta zubar da yawancin darajarta, shi kuma ya tattara rararsa ta shekara goma. Idan da rance aka saya, a tuna cewa ƙarin farashin nan ma ana biyan kuɗin ruwa a kansa, sai lokacin mayar da uwar kuɗi ya ƙara nisa.

Tsoron da ya fi yawa a bakin mutane shi ne mutuwar batir, kuma a nan ina ganin an zuzuta abin fiye da kima. Mutane suna auna shi da batirin waya, wanda ke gajiya cikin shekara biyu, amma batirin mota yana da na'urar da ke kula da zafinsa da yadda yake sha da yadda yake bayarwa. Yawancin kamfanoni suna ba da garantin shekara 8 ko kilomita 160,000, da alkawarin gyara ko canji idan ƙarfinsa ya faɗi ƙasa da wajen kashi 70 cikin ɗari. Kamfanin Geotab, mai bin diddigin motocin kamfanoni, ya bayyana a 2024 cewa a matsakaici batir yana rasa kashi 1.8 cikin ɗari a shekara. A wannan tafiya, bayan shekara 10 yana da sama da kashi 80 na ƙarfinsa. Ba a ce babu matsala ba. Leaf ta farko ba ta da ruwan sanyaya batir, kuma masu ita a wurare masu zafi irin Arizona sun ga ƙarfinta yana zubewa da wuri. Zafi mai tsanani, yawan cajin gaggawa, da barin batir a cike maƙil ko babu caji na kwanaki, duk suna tsufar da shi. Idan kuma ya mutu bayan garanti ya ƙare, kuɗin canjinsa zai iya kusantar darajar tsohuwar motar gaba ɗaya. Abu ne da ba ya yawan faruwa, amma idan ya faru yana da ciwo.

Akwai wata tambaya da ake yawan tsallakewa: da wace mota ake kwatantawa? Masu talla sun fi son su jera motarsu da babbar mota mai zuƙar lita 11 ko 12, don rarar ta yi kyau a takarda. Amma akwai motoci masu haɗa fetur da lantarki, irin Toyota Prius da ta fito tun 1997, waɗanda ba a jona su da waya, kuma suna yin kilomita 100 da lita 4 zuwa 5. Idan da irinsu aka gwada, a misalinmu na baya kuɗin mai dala 4 da rabi ne a kan dala 3 na wuta, rarar ta ragu daga dala 4 zuwa 1 da rabi. Ga wanda ba shi da wurin caji a gida, ina ganin wannan ita ce ta fi dacewa da aljihunsa a yanzu. Haka nan wanda ke da lafiyayyar motar fetur da ya gama biya, kuma ba ya doguwar tafiya, zai yi wuya sabuwar mota ta kowane iri ta fi masa araha a kan ci gaba da riƙe tasa. Yana iya samun wasu dalilan canjawa, kamar rage hayaƙi a iskar da 'ya'yansa ke shaƙa, kuma dalilai ne masu nauyi da nake girmamawa. Amma kada a ce masa don tsimin kuɗi ne.

Wani abin da ba ya shiga lissafi cikin sauƙi shi ne kwanciyar hankali game da farashi. Fetur yana bin kasuwar ɗanyen mai ta duniya, wadda a 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, ta haura dala 120 a ganga. Farashin wutar gida galibi hukuma ce ke tsara shi kuma a hankali yake motsi, ko da yake a wannan shekarar Turai ta ga wutar ma ta yi tashin gwauron zabo saboda tsadar iskar gas. Mai sola a rufin gidansa ne kaɗai ya fita daga wannan fargaba kusan gaba ɗaya.

Faɗuwar darajar da ke sa mai sabuwa kuka, ita ce garaɓasar mai sayen ta hannu, kuma a nan ne nake ganin riba mafi tabbas take a yau. Motar lantarki mai shekara 3 a kasuwanni da yawa tana zuwa daidai da takwararta ta fetur a farashi, wani lokaci ma ƙasa. Wani ya riga ya sha asarar, garantin batir yana da sauran shekara 5, kai kuma za ka fara tattara rarar mai da ta sabis ba tare da wani rami da za ka cike ba. Sharaɗin dai yana nan, ka tabbata kana da inda za ka yi caji da araha. Sannan kada ka tsaya ga fenti da kujeru da lambar kilomita. Ka nemi rahoton lafiyar batir, wanda ake cirowa ta hanyar jona na'ura a motar, ya nuna kashi nawa na ƙarfinsa na asali ya rage. Ka cika ta da caji, ka yi tafiya mai ɗan nisa, ka gwada kilomitar da ka ci da abin da allo ya sauke. Ka tambaya ko garantin yana bin motar zuwa hannun mai saye na biyu, kuma ko yana aiki a ƙasar da za ka yi amfani da ita, domin motar da aka tsallako da ita daga wata ƙasa sau da yawa garantinta a can yake tsayawa. Ka duba bakin cajinta ya dace da tashoshin da ke kusa da kai, don akwai CCS, akwai CHAdeMO na tsofaffin motocin Japan da ke ta raguwa, akwai GB/T na Sin, akwai na Tesla, kuma ba sa shiga juna sai da mahaɗi. Idan mai sayarwa ya ƙi yarda a duba batirin, ka bar masa motarsa.